Idan hatsari ya auku a babbar hanya, wa ya kamata a fara horarwa, kuma me za a fara koya masa?

Abu_Sadiq_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so masu sani su yi mini gyara idan na kauce. A damunar da ta wuce muna dawowa daga Kano bayan sallar isha'i, kafin mu kai Kwanar Dangora muka tarar wata ƙaramar mota ta ƙwace, ta daki shingen tsakiyar hanya ta kife. Motoci uku muka tsaya, kowa ya ruga wajen motar da fitilar wayarsa, kuma a cikinmu duka babu wanda ya yi tunanin komawa baya ya tare masu tahowa. Ba a yi minti biyar ba wata bas ta taho a guje, direban bai ankara ba sai da ya zo dab, ya kauce wa motar da ta kife, ya kwashi wani bawan Allah da ke tsugune yana tallafe da kan wani yaro. Mutanen da ke cikin motar farko duk sun rayu. Wanda ya tsaya taimako shi ne ya cika kafin a isa asibiti, kuma har yau ina ganin hularsa a kan kwalta da wayarsa a gefenta, fitilarta tana kunne.

Abin da na ɗauka daga wannan dare abu biyu ne. Darasin farko da ya kamata a koya wa mai kai ɗauki shi ne tsare hanyar kafin ya taɓa kowa, sannan waɗanda ya kamata a fara horarwa su ne direbobin haya da yaran mota da mutanen garuruwan bakin hanya, domin su ne suke isa wurin tun kafin jami'i ya ji labari. Ina neman ra'ayinku.

TsohonMashal:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiq. Allah ya jiƙan wannan bawan nasa, ya sa taimakon da ya tsaya yi ya zama hujja a gare shi. Na yi aiki da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma abin da ka gani shi ne muke kira hatsari na biyu, wanda sau da yawa yakan fi na farko muni. Bari in kawo lissafin da nake yi wa sababbin yara. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya gane abin da ke gabansa ya kai ƙafa kan burki, ya riga ya ci mita 56 bai rage komai ba, sannan ne burkin zai fara aikinsa, kuma tirela mai kaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tana buƙatar nisa mai yawa fiye da ƙaramar mota. Saboda haka wanda ya ajiye alamar gargaɗi taku goma a bayan mota bai gargaɗi kowa ba. Mu mukan tura mutum ya yi taku ɗari zuwa ɗari da hamsin, yana tafiya ta gefen hanya yana fuskantar motoci, kuma idan akwai kwana ko tudu sai ya wuce su, domin gargaɗin ya riski direba kafin ya shiga inda ba ya gani.

Inda zan ɗan saɓa maka shi ne batun wa za a fara horarwa. Jami'an ma suna da buƙata, domin matsalar da na fi gani ita ce kowace hukuma tana horar da nata a keɓe. Ɗan sanda yana so a bar motoci yadda suke har ya auna, mu muna so a buɗe hanya, 'yan kwana-kwana suna so a rufe ta gaba ɗaya, kuma duk za mu haɗu ne karon farko da tsakar dare a kan gawa.

Alhaji_MaiTirela:
Yallaɓai, lissafinka daidai ne, ni shaida ne, shekara ashirin da shida ina jan babbar mota tsakanin Legas da Maiduguri. Amma ina so in kare ganyen da muke zubawa a hanya, domin mutane suna raina shi. Ganye harshe ne da kowane direba a ƙasar nan yake ji, kuma idan aka jera shi tsibi-tsibi daga nesa yana karkata zuwa hannun da ake so a bi, ya fi si-koshin, wato alamar gargaɗi mai kusurwa uku, guda ɗaya da iskar tirela za ta kayar. Laifinsa biyu ne: da dare ba ya ƙyalli, sannan ba a kwashe shi idan an gama, har direbobi sun fara sabawa da ganin ganyen da babu komai a gabansa. Abin da nake roƙo a hana a kowane horo shi ne jera duwatsu da kututture. Na taɓa ganin mai babur ya hau dutsen da wani ya bari kwana biyu bayan an janye motarsa.

Nas_Hadiza:
Ina yi wa kowa sallama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na wani babban asibiti da ke bakin hanya. Na yarda da Malam Abu Sadiq cewa tsare hanya shi ne farko, amma ina tsoron kada a fahimci cewa kowa zai tafi tare motoci a bar mai zubar da jini. Wanda jijiyar cinyarsa ta yanke zai iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, haka ma wanda ya suma harshensa ya toshe masa maƙogwaro. Abin da horo zai koyar shi ne rabon aiki: mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce kai je ka tare motoci, kai kira lambar gaggawa 122 ko 112, ni da wannan za mu duba mutane. Kuma a fara da wanda ya yi shiru, domin mai ihu aƙalla yana numfashi.

Abubuwan da suke iso mana a asibiti su ne suke sa ni baƙin ciki. Ana kawo mutum an ɗura masa ruwa ko madara alhali bai farfaɗo ba, ruwan ya tafi huhu. Ana kawo wanda aka finciko ta taga, mutum huɗu kowa ya kama gaɓa ɗaya, kai yana reto, ya shigo mana ƙafafu ba sa motsi alhali mai yiwuwa da ƙafafunsa zai koma gida da an tallafe wuyansa an ɗora shi a kan allo ko ƙyauren ƙofa. Ana cusa ƙasa ko toka a rauni. Duk masu yin wannan da niyyar alheri suke yi, kuma abin da zai gyara shi bai wuce koyarwar yini ɗaya ba: danna rauni da tsumma mai tsabta ka riƙe ba sassautawa, kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a gefensa tare da kula da wuya, kada a cire wa mai babur hular kwano sai idan tana hana shi numfashi, kuma kada a fito da kowa daga mota da ƙarfi sai idan wuta ko wani hatsari na tafe.

Bashir_Dalibi:
Anti Hadiza, na gode da wannan bayani. Tambayata ita ce, me za a ce wa wanda yake tsoron ya kai mutum asibiti a riƙe shi, ko a ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, ko ya ajiye kuɗi? A unguwarmu wannan tsoron ne yake sa mutane su tsaya kallo.

Barista_Umar:
Bashir, doka tana tare da mai taimako a wannan gaɓar. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, wadda ta ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a tsananta masa tambayoyi. Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a bakin kantar asibiti da ƙarfe biyun dare daban. Shi ya sa nake ganin duk horon da za a shirya dole a zaunar da 'yan sandan yankin da masu karɓar marasa lafiya a cikinsa, su ji wannan sashe da kunnensu a gaban direbobin.

Injiniya_Ohio:
Ina zaune a Amurka, ina aiki da sashen kula da hanyoyi, kuma na halarci irin horon da TsohonMashal yake cewa babu. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ce ta fara yaɗa shi a faɗin ƙasar a 2012, awa huɗu ne kawai, kuma sirrinsa shi ne a ɗaki ɗaya ake zaunar da ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da ma'aikacin motar asibiti da mai janwe da mu ma'aikatan hanya. Ana shimfiɗa taswirar hanya a kan tebur da ƙananan motocin roba, a ce ga hatsari, kowa ya nuna inda zai ajiye motarsa. A nan ne za ka ga gardama ta tashi, kuma gara ta tashi a kan tebur.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yadda ake yin garkuwa da babbar mota. Motar kashe gobara takan tsaya a karkace a bayan wurin, ta rufe hannun da abin ya faru har da ƙarin hannu ɗaya idan ana aiki, a murɗe sitiyarinta yadda idan wani ya dake ta za ta gangara nesa da mutane, motar asibiti kuma ta wuce gaba ta tsaya a cikin inuwar garkuwar. Ana kuma koyar da kashe manyan fitilun da ke haska idon masu tahowa, da sanya riga mai ƙyalli kafin a sauka daga mota, da cewa kada ka taɓa juya wa motoci baya. Dukkan jihohi 50 suna da dokar da ta tilasta wa direba ya koma wani hannu ko ya rage gudu idan ya hango motar agaji a tsaye, amma duk da haka ana kashe masu kai ɗauki kowace shekara, shi ya sa ake koya mana mu ɗauka cewa direban da ke tahowa bai gan mu ba.

Sani_Bakanike:
Injiniya, da girmamawa, wannan tsarin masu hali ne. A tsakanin garuruwa da yawa na hanyar Kano zuwa Maiduguri sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga motar kashe gobara ba, balle a yi garkuwa da ita. Mu da muke gyaran mota a bakin hanya da guduma da ƙarfen taya muke ɓalle ƙofa mu fito da mutane. Ina ganin kwaikwayon Amurka zai ƙare ne a taro a otal a Abuja, a raba takardar shaida, mu kuma a bar mu yadda muke.

Injiniya_Ohio:
Malam Sani, ban ce a kwaso kayansu ba. Tirelar Alhaji ta fi motar kashe gobara nauyi, kuma idan ya san yadda zai karkata ta ya kunna sigina huɗu ya murɗe taya, ta zama garkuwa. Abin da nake so a ɗauka shi ne zaman ɗaki ɗaya, kuma wannan ana iya yin sa a ƙarƙashin rumfar tasha.

Alhaji_MaiTirela:
Zan iya yin haka, kuma na taɓa yi a kusa da Tafa ba tare da na san yana da suna ba. Amma ku sani idan wani ya daki motata a wannan hali, ni za a kama, mai mota kuma zai ce wa ya aike ni. Sai an ba direba kariya a rubuce kafin a ce masa ya sa dukiyar wani a tsakiyar hanya.

Zango_Kumasi:
Ina gaishe da dattawa. Maganar Malam Abu Sadiq ta horar da direbobi an taɓa gwada ta a nan Gana fiye da shekara ashirin da suka wuce, lokacin da babu tsayayyen tsarin motocin asibiti, aka lura cewa mafi yawan waɗanda suka ji rauni direbobin tasi da bas ne suke kai su asibiti. Likitoci a Kumasi suka horar da direbobin haya 335, horon awa shida, kuma saboda da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba, aka rage rubutu aka yawaita gwaji da hannu, ana amfani da abin da ke cikin mota ko a bakin hanya, kamar tsumma da sanda da kwali. Da aka koma aka tambaye su bayan watanni, an samu ƙaruwa a yadda suke tsare wurin hatsari da buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini. Don haka abin da Malam Sani yake nema ba mafarki ba ne, an yi shi da mutanen tasha.

Dan_Taura:
Ni daga Jigawa nake, kuma ba zan iya karanta wannan muhawara in yi shiru a kan Majiya ba. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin, man ya kwarara cikin magudanar ruwa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi musu kabari na bai ɗaya. Akwai gidan da na sani da ya rasa samari uku. Bayan wata uku kacal, a Janairun 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja, mutane da dama suka ƙone. A irin wannan wuri ba a maganar ɗaure rauni ko tare motoci kaɗai, maganar ita ce wa zai iya korar taron jama'a, kuma ina ganin jami'ai biyu ko uku ba za su iya ba ko da an horar da su shekara guda. Mai unguwa da liman da shugaban matasa su ne ake jin maganarsu, su ya kamata a fara sanar da su abin da tururin fetur yake yi.

Kwana_Kwana_01:
Allah ya jiƙan mutanen Majiya da na Dikko. Ɗan'uwa Dan Taura ya taɓo inda ya fi mini ciwo a aikina. Mutane suna tsammanin ruwan man ne yake kamawa, alhali tururinsa ne, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwalbati da rami, ya yi tafiya har ya sami wuta a wurin mai shayi ko salansar babur ko janareta, sannan wutar ta biyo shi ta dawo kan tankar. Bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya isa. Littafin da masu kai ɗauki suke amfani da shi a ƙasashe da yawa ya ce a fara nisantar da mutane aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare idan irin wannan mai ya zube, idan zubar mai yawa ce a kwashe na ɓangaren da iska ke kaɗawa har mita 300, idan kuma tankar ta kama wuta a ja baya mita 800. A tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma a kan tudu. Idan tankar tana ɗauke da allon lamba, 1203 fetur ne, 1202 gas na manyan motoci, 1223 kananzir, 1075 kuma iskar gas ta girki, kuma wanda ya kira mu ya faɗi wannan lamba ya taimake mu ƙwarai, domin wutar fetur da kumfa ake kashe ta, ruwa zalla yaɗa ta yake yi.

Na san an hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi tun daga Maris 2025, kuma mataki ne mai kyau, amma tanka mai lita 33,000 ma ta isa ta cinye unguwa.

Dan_Maradi:
Mu ma a Nijar mun ɗanɗana wannan, a watan Mayun 2019 tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru ɗibar mai, fiye da hamsin suka rasu a daren. A wajenmu duk wanda ya yi koyon agajin farko ana sa shi ya haddace kalmomi uku a jere, waɗanda ma'anarsu ita ce ka tsare, ka sanar, sannan ka taimaka, kuma malami ba ya yarda ka sauya jerin. Wannan shi ne ainihin abin da Malam Abu Sadiq ya faɗa da farko. Lambar 'yan kwana-kwana a nan 18 ce, kuma su ne suke ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Abin da zan ƙara shi ne a koya wa mutane yadda ake sanarwa, domin mai kira yakan ce an yi hatsari a hanyar Zinder ya kashe waya. Sai ka faɗi garin da ka wuce da wanda ke gabanka, da hannun da abin yake, da adadin mutane, da ko akwai wanda ya maƙale ko mai yana zuba.

Dan_Agaji_Funtua:
Ina so in tunatar da jama'a cewa muna da runduna a shirye wadda ba a amfani da ita yadda ya kamata. 'Yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam da 'yan Red Cross suna kusan kowane gari na bakin hanya, suna da kaki, suna da shugabanni, sun saba tsara taron dubban mutane a wa'azi da Maulidi da filin Idi, kuma jama'a suna jin kunyarsu. Abin da muka rasa shi ne riga mai ƙyalli da tocila mai ƙarfi da safar hannu, da wanda zai koya mana lissafin da TsohonMashal ya kawo. Akwai kuma aikin da ba a ambata ba, wato tsare amanar waɗanda abin ya shafa. Mukan sa mutum ɗaya ya tattara wayoyi da jakunkuna ya rubuta a gaban shaidu, wani kuma ya rufe waɗanda suka rasu ya hana masu ɗaukar hoto. Na ga uwar da ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook kafin kowa ya je gidan.

Malama_Rabi:
Allah ya saka da alheri, Dan Agaji, a kan batun hoto. Ina ƙara roƙon a sa mata cikin horon. Na taɓa kasancewa a motar da ta tsaya a wurin hatsari, ga wata baiwar Allah jini yana zuba daga cinyarta, maza sun kewaye ta kowa yana jin nauyin ya taɓa ta, sai da na cire mayafina na danne wurin da gwiwata har muka isa asibiti a bayan a-kori-kura. Ban san ko daidai na yi ba a lokacin. Masu sayar da abinci a tasha da bakin hanya yawancinsu mata ne, kuma kullum suna wurin. Malamai kuma su fito su bayyana wa maza cewa ceton rai lalura ce.

Nas_Hadiza:
Malama Rabi, daidai kika yi, kuma mai yiwuwa wannan dannawar ce ta kai ta asibiti da rai.

TsohonMashal:
Zan koma kan abin da Alhaji ya ce game da kariya, domin yana da gaskiya, kuma ya haɗu da wata matsala da ban gama faɗa ba. Idan hatsari ƙarami ne, babu wanda ya ji rauni kuma motoci suna iya motsi, barinsu a tsakiyar hanya ana jiran a zo a auna shi ne yake haifar da cunkoso, cunkoso ya sa direbobi su tsallaka su bi hannun da ba nasu ba, daga nan a yi taho-mu-gama a inda babu wanda ya zata. A ɗauki hoto ta kowane ɓangare, a zana wurin tayoyi da gawayi ko alli, a tura motocin gefe. Amma direba ba zai yarda ya matsar ba matuƙar ya san za a ce ya ɓata shaida. Game da masu sa kai kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra tun kafuwarta a 1988 ta tafi da tunanin jawo farar hula, kuma tana da rundunar mashal na musamman waɗanda ba a biyansu albashi, sai dai yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa na cikin birni. Da za a buɗe irin wannan ƙofa ga 'yan agaji da shugabannin tasha na ƙauyukan bakin hanya, a ba su katin shaida, da an rage tsoron da Alhaji da Bashir suka ambata.

Sani_Bakanike:
Yallaɓai, kati yana da amfani, amma wa zai sayi rigar da tocilar, kuma wa zai sake horar da mutum bayan shekara biyu idan ya manta? Yaran mota ba sa daɗewa a wuri ɗaya. Ni na fi ganin a ɗora wa ƙungiyoyin direbobi, tunda kullum suna karɓar kuɗin tasha, a ce babu motar da za ta yi lodi sai da riga mai ƙyalli biyu a cikinta.

Abu_Sadiq_Zariya:
Na gode wa kowa. Anti Hadiza ta gyara mini, domin yadda na faɗa da farko kamar kowa zai bar masu rauni ne ya tafi tare hanya. A daren nan mun kai mutum goma sha biyu a wurin, da ɗaya daga cikinmu ya raba mana aiki da mutum biyu sun isa su tsaya da tocila a baya. Amma har yanzu ban gamsu cewa jami'ai za a fara da su ba, Yallaɓai, domin a daren sun iso ne bayan an riga an ɗauke kowa. Akwai kuma abin da ba mu taɓa ba: a wasu hanyoyin, musamman da dare, direba ba ya tsayawa idan ya ga mutum yana kaɗa tocila ko ya ga ganye a hanya, saboda yana tsoron 'yan fashi ko masu garkuwa da mutane ne, sai ma ya ƙara wuta. Alhaji, kai da ka san dare a hanyar Birnin Gwari da ta Abuja, wace alama ce za ta sa ka yarda cewa hatsari ne na gaske ka rage gudu?

Alhaji_MaiTirela:
Tambayar tana da nauyi, Malam. Tocila ɗaya a cikin daji ba za ta tsayar da ni ba, gaskiya ke nan. Abin da yake sa in sassauta shi ne in hango motoci da yawa a gefe duk sun kunna sigina huɗu, ko direban da ke tahowa daga can ya yi ta ƙifta mini fitila yana saukar da hannu ta taga. Riga mai ƙyalli tana taimakawa, ko da yake ɓarayi ma sun san inda ake sayar da ita. Ku bar ni in tambayi abokan aikina a Mararrabar Jos ranar Juma'a idan Allah ya kai mu, in ji abin da su suke dubawa, domin na san wasunsu ba za su yarda da abin da na faɗa ba.